Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Injin Shinkafa a Kan Teku

Makon jiya mun tsaya a inda Alhaji ya yanke shawarar kafa kamfanin casar shinkafa, bayan rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019 ya sa shinkafar gida ta yi daraja. Ni ya tura ƙasar Sin in ga an ɗaura kayan injin a idona. Gwanzu na saba zuwa, wajen atamfa da takalma, kayan da ko an jefo su daga bene ba abin da zai same su. Inji kuwa wata duniya ce.

Yawancin kayan sun shige kwantena mai ƙafa 40 lafiya lau. Tukunyar tururi ce ta ƙi. Faɗin cikin kwantena bai kai mita biyu da rabi ba, ita kuwa ta haura haka. Dole aka nemo mata irin kwantenar nan da ba ta da rufi ba ta da bangon gefe, daɓen ƙarfe ne kawai da kai biyu. Da farashi ya fito na kira Alhaji.

Ya ce, "Kai Malam, tukunya ɗaya kuɗin kwantena uku? Zinare ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba nauyinta suke sayar mana ba, wuri ne. Duk inda ta leƙo gefe ta hana wata kwantena zama, kuma ba a ɗora komai a kanta. Gurbin da ta kashe musu mu za mu biya."

Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya sa albarka. Aka dasa ta kan katako, aka tamke ta da sarƙoƙi da wayar ƙarfe ta kowace kusurwa, aka shafe bakin bututunta da giris, aka lulluɓe da tamfol saboda gishirin teku. Sai da mai duba ɗauri ya zo ya sa hannu kafin jirgi ya karɓa.

Amma ni ba tukunyar ce ta hana ni barci ba. Ƙarfe ne, ko ya bugu makeri zai gyara. Injin tsinta ne abin tsoro, wanda muka saya a Hefei, garin da ya yi suna a kansa. Kyamarori ne a cikinsa, suna kallon shinkafa tana zubowa, sun ga baƙar ƙwaya sai iska ta hure ta gefe. Idan jijjiga ta goce da saitinsa, ko laima ta shiga, ka sayi akwatin banza. Kwantena kuwa gumi take yi: rana ta gasa ta, dare ya sanyaya ta, ruwa ya taru a rufi ya riƙa ɗiga kan kaya, haka har sama da wata guda kafin a iso Legas. Shi ya sa aka naɗe shi cikin leda mai ƙyalli aka zuƙe iskar, aka cusa buhunan shan laima, aka rufe a akwatin katako mai hatimin an gasa shi don ƙwari. A jikin akwatin aka manna wani ɗan abu da ke rikiɗa ya yi ja in an kantara shi ko an buga. A ganina wannan ɗan abin ya fi rantsuwar kowa amfani, domin a tasha ba wanda ya taɓa cewa shi ya yar da kaya.

Inshora ma sai da muka ja da Alhaji kafin ya yarda da mai rufe kowace irin ɓarna, ba mai arha ba.

Jirgi ya tashi daga Shangai, ni na biyo sama na riga shi. Fom M da takardar PAAR ta kwastam, wato takardun shigo da kaya, suna hannun ejanmu mai fito da kaya daga tasha, saura motar da za ta iya ɗaukar tukunyar ta fita da ita daga tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas, a shekarar da tireloli ke kwana da kwanaki a kan gada saboda cunkoso. Yadda muka samo direban, da abin da ya faru a Jebba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.