Littafin rajista da usur ɗin Baba Sajan

Ni malamin firamare ne, ban taɓa harba bindiga ba, ko ta toka. Alƙalami ne ya kai ni cikin 'yan sa-kai na garinmu. Lokacin da satar shanu ta rikiɗe ta koma satar mutane a yankinmu na Zamfara, dattawa suka taru a ƙofar hakimi suka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya, ni kuma tunda na yi boko aka ce in riƙe littafi. Shekara huɗu ina rubuta wanda ya fita sintiri, ƙarfe nawa ya fita, harsashi nawa aka ba shi, nawa ya dawo da shi.

Da farko na raina aikin, ina ganin maza suna daji ni ina jan layi da rula. Wanda ya cire mini wannan tunanin wani tsohon soja ne da muke kira Baba Sajan. Ya yi horo a Defo na Zariya, ya je Laberiya da dakarun ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ya yi ritaya ya dawo gida yana noman gero. Ranar da ya fara duba littafina sai ya ɗora yatsa a wani layi da na bari babu komai, ya ce, "Malam, wannan yaron ina harsashinsa biyu?" Na ce ya ce mini sun faɗi a hanya. Ya ce, "To rubuta hakan, ya sa hannu. Harsashin da ba a san inda ya tafi ba, wata rana a jikin ɗan'uwanka za ka tsince shi."

Bayan la'asar yakan tara samari a filin makarantarmu ya yi ta sa su fareti. Hagu, dama, tsaya, juya. Babu abin da suka tsana kamar wannan. Wani mai zafin kai ya taɓa ce masa, "Baba, mutanen nan da AK suke zuwa, kai kana koya muna taka ƙasa." Bai yi fushi ba. Ya ce masa, "Ɗana, wata shida ake yi a Defo, kana tsammani harbi ake koyo duk tsawon lokacin? Harbi ko yaro ya iya. A ce maka tsaya jininka na tafasa, ka tsaya, shi ne aikin."

Ban fahimci maganar ba sai wata ranar kasuwa. Wani saurayi Bafulatani ya fito da kuɗi masu kauri zai sayi waya, sai wani ya ɗaga murya ya ce infoma ne. Kafin ƙiftawar ido an kewaye shi, masu gora, masu adda, har da masu sayar da tumatir. Ina tsaye ƙafafuna na rawa. Sai na ji usur. Yaran nan da ke ƙunƙuni a filin fareti, su bakwai ne a wurin, duk suka ƙame, sannan suka juya baya ga saurayin suka fuskanci taron. A haka aka taka da shi har wurin 'yan sanda. Da aka bincika, bijimi ya sayar a kara da safiyar nan, dillalin ma ya zo ya shaida.

Duk wanda ya zauna a Zamfara ya san abin da kisan kasuwa ya jawo mana. 'Yan sa-kai su kashe mutum a bainar jama'a ba bincike ba shari'a, 'yan'uwansa su shiga daji, bayan mako guda a ƙone ƙauye. Ba na wanke 'yan bindiga, Allah ya sani na binne ɗalibaina da hannuna. Amma da yawa daga cikin wutar nan mu muka ƙara mata itace, saboda an ba mutum makami ba a ba shi wanda zai ce masa tsaya ba.

Bayan horo, abu na biyu ya fi ci mini rai, shi ne matsayi. Soja yana da lamba, yana da kwamanda, idan ya faɗi a fagen daga akwai takardar da iyalinsa za su bi. Ɗan sa-kai fa? A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a masarautar Zuru ta jihar Kebbi, aka kashe sama da sittin a rana ɗaya. Da na ji labarin, matansu na fara tunawa, domin na san yadda abin yake a wurinmu: a yi jana'iza, a yi karo-karo na kwana uku, kwanon gero da 'yan kuɗi, daga nan kowa ya kama gabansa. Wata gwauruwa ta taɓa zuwa gidana da goyo ta ce, "Malam, an ce kai ke da littafi, ko akwai abin da gwamnati ta rubuta masa?" Na buɗe na nuna mata sunansa, da ranar, da ƙarfe nawa ya fita. Iyakar abin da nake da shi ke nan.

A wasu ƙasashe an daɗe da warware wannan. A Amurka kowace jiha tana da dakarun ajiya, mutane ne masu sana'arsu, direba, malami, makaniki, suna zuwa horo ƙarshen mako ɗaya a wata da kuma mako biyu a shekara, ana biyansu, gwamna ko shugaban ƙasa na iya kiransu, kuma doka ta san da su. Mu a nan sai bala'i ya zo ake tattara mutane, kamar yadda 'yan kato-da-gora suka taso a Maiduguri a 2013. Tsarin mulkin 1999 kuma a sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan, shi ya sa duk abin da jiha ta kafa yake tsayawa a tsaka-tsaki.

Duk da haka an samu ci gaba. Katsina ta ƙaddamar da nata jami'an na tsaron al'umma a Oktoban 2023, sannan ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya yaye Askarawan Zamfara su sama da 2,600 a Gusau. Kaki, horo, alawus, da shugaban da za a tuhuma idan an yi ba daidai ba. Wasu daga cikin yaranmu sun shiga, kuma waɗanda suka sha fareti a hannun Baba Sajan ba su sha wahalar horon ba. Sai dai kaki kaɗai ba ya raba ka da ɗan bindiga a idon matuƙin jirgin yaƙi da ke sama. Abin da ya faru a ƙauyen Tungar Kara na Zamfara a Janairun 2025, inda jirgin yaƙi ya yi kuskure ya faɗa wa masu kare gari, ya tuna mini dalilin da Baba Sajan ba ya yarda ko mutum ɗaya ya bi sawun ɓarayi sai an buga wa sojojin da ke kusa waya an faɗa musu adadinmu da hanyar da za mu bi. A lokacin har gulmarsa ake yi, wai ya cika tsoro.

Shi dai ba a ɗauke shi askar ba, shekaru sun ja. Ba a kuma neme shi ya koyar ba, shi da ire-irensa tsofaffin sojoji da ke zaune a kusan kowane gari da horonsu a ka. Yanzu yana zama a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, usur ɗin na rataye a wuyansa har yau. Littafin kuma yana cikin akwatina. Kwanan baya ɗan gwauruwar nan, wanda yanzu yake aji biyu a wurina, ya tsaya bayan an tashi ya ce innarsa ta ce sunan babansa yana hannuna. Na ce masa ya zo gida ranar Asabar.