Talata a Legas: hazo, laka da damina ta shekara 6,000 da suka wuce

Talata, makon farko na Janairu.

Hazo ya sauko tun asuba. Daga kan gadar Third Mainland ba a ganin gidajen Makoko sai inuwarsu, kuma kafin ƙarfe tara ƙura ta riga ta kwanta a kan teburin ɗakin gwaji. Aikinmu a nan shi ne karanta yanayin dā daga laka da ƙurar furen da ta kwanta a cikinta. Abin da na fara yi shi ne rufe tagogi da shafe teburi da jiƙaƙƙen tsumma, domin iskar hunturu na ɗauke da ƙurar furen ciyawar Arewa, kuma idan ta faɗa cikin samfurin da muke wankewa, za mu ƙirga ta a matsayin ta dā. Kaso mai yawa na wannan hazo daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi. Farar ƙasar wurin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ake kira dayatom, waɗanda suka rayu lokacin da Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000. Wato gindin tsohon tafki ne ke sauka mana a kan teburi.

Aikin yau na sandar laka ne, wato dogon yankin laka daga sama zuwa ƙasa, da muka ciro makon jiya daga fadamar mangurof, itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri na gaɓar teku, ta wajen Badagry. Ba mu haƙa a tsakiyar tafkin Legas ba, saboda masu ɗiban yashi sun dagula ƙasan wurare da dama, kuma lakar da aka taɓa juyawa ba ta da labarin da za ta bayar. Mun yi amfani da mahaƙar hannu irin ta Rasha, mai ɗebo rabin sanda mai tsawon santimita 50 a kowane nutso. Rami biyu ake yi kusa da juna ana karɓa-karɓa, kowane yanki ya hau kan na baya da santimita 10, domin hancin mahaƙar na dame lakar da ke ƙarƙashinsa. Ana ɗora kowane yanki a rabin bututun roba, a naɗe da leda, a zana kibiya mai nuna sama, a rubuta zurfi a ƙarshe biyun. Yankin da aka manta kibiyarsa ya zama asara. Ajiya kuwa a firji ne a digiri 4. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba lakar ta ɗumama, fumfuna na fitowa, ita kuma fumfuna sabon kabon ce da za ta ɓata gwajin shekaru.

Na kankare saman kowane yanki da wuƙa, a kwance ba a tsaye ba, don kada in ja lakar sama zuwa ƙasa. Daga ƙasa akwai yashi mai ɓaraguzan kawa, sai baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai cike da saiwoyi, sai laka mai ruwan ƙasa-ƙasa a sama. Akwai wuri ɗaya da ramin ƙaguwa ya ratsa a karkace, cike da yashin da ba na wurin ba. Na yi masa alama, ba za a ɗebi komai a nan ba.

Gwajin ƙonawa ya tafi rabi. Ana ɗibar laka mai santimita 1 a tsawo da faɗi da kauri a ɗan kasko, a busar a digiri 105 har kwana, a auna, a ƙona a digiri 550 na awa 4, a sake aunawa. Nauyin da ya ragu shi ne ruɓaɓɓen tsiro. A ƙara ƙonawa a digiri 950 na awa 2, abin da ya tafi daga ɓawon kawa da danginsa ne. Wuta ta ɗauke bayan awa biyu, tandar ta huce kafin a tada janareto, don haka kasko 20 ɗin nan sai an sake su da sabuwar laka. Ba a ci gaba daga inda aka tsaya, domin yumɓu ma yana sakin ruwan da ke ɗaure a jikinsa idan ya ji wuta, kuma in tsawon ƙonawa ya bambanta tsakanin rukuni da rukuni, za ka ga sauyi a jadawali ka ɗauka na yanayi ne.

Da azahar sakamakon kabon-14, gwajin da ke faɗin shekarun samfuri, ya iso ta imel daga ɗakin gwajin waje, na wata sanda da muka aika tun damina. Samfuri huɗu ne, kuma na biyu daga sama ya fi na uku tsufa. Ɗalibar da ke aikin digirinta a kan sandar ta zo da takardar a hannu.

"Malam, ko sun yi kuskure ne a can? In cire na biyun kawai?"

Na ce ta ɗauko littafin ɗiban samfuri mu ga abin da aka aika. Na biyun ɓawon kawa ne, na ukun kuma guntun itace da aka rubuta "wataƙila saiwa" a gefensa. Amsar ke nan, kuma kuskuren namu ne. Kabon-14 yana raguwa da rabi a kowace shekara 5,730, kuma agogon yana fara bugawa ne daga ranar da halitta ta daina shan kabon. Ganye daga iska yake sha, shi ya sa shekarunsa ke fitowa daidai. Kawa kuwa daga ruwa take gina ɓawonta, kuma kabon ɗin teku ya riga ya tsufa da shekaru ɗari huɗu zuwa biyar kafin ta taɓa shi. A ruwan da teku da kogi suka gauraya, irin namu, wannan gibin ba ya tsayawa wuri guda, yana bin yawan gishirin zamanin. Ita saiwar mangurof tana nutsawa ƙasa cikin lakar da ta girme ta da ƙarnuka, sai ta ba da shekaru ƙanana. Ɗaya ya tsufa fiye da kima, ɗaya ya yi ƙuruciya, suka sauya wuri. Aika lakar kanta ma ba mafita ba ce, don koguna irin Ogun na kawo tsohuwar ƙasa daga tudu, kuma a saman sanda akwai burbushin man fetur da ba shi da kabon-14 ko kaɗan, ɗigo kaɗan ya isa ya tsufar da samfuri. Abin da ake nema shi ne ganye ko iri ko ɗan reshe na tsiron tudu, a tace shi da rariya, a tsince a ƙarƙashin maikiroskof. Miligiram kaɗan ya wadatar. Ba za ta cire komai a ɓoye ba. Za ta rubuta duka huɗun a rahoto, ta faɗi dalilin ƙin biyu, mu nemo kuɗin sake biyu.

Na daɗe a kan wannan da ita saboda komai a kansa yake tsaye. Akwai ma wani tarko bayansa: shekarar kabon ba shekarar kalanda ba ce, domin yawan kabon-14 a iska bai tsaya cak ba a tarihi. Sai an gyara da ma'aunin da aka gina daga zoben itatuwa da makamantansu, IntCal20. Shekara 6,000 ta kabon tana kusan 6,800 ta kalanda. Wanda ya manta wannan zai kwatanta lakarsa da lissafin kwamfuta na wani zamani dabam. Don saman sanda, shekaru ɗari da ɗoriya na baya-bayan nan, dalma-210 ake amfani da ita, mai raguwa da rabi a shekara 22 da 'yan watanni.

Bayan la'asar muka wanke samfuri takwas na ƙurar fure. A kowane bututu ana jefa ƙwaya ɗaya mai ɗauke da ƙurar wani tsiro da ake kira Lycopodium, wadda aka san adadin ƙurar da ke cikinta, don in an ƙirga a iya lissafa yawan ƙurar fure a kowane santimita na laka. Asid na haidirokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 yana cinye ɓawo. Sinadarin fotash mai irin wannan ƙarfi, a ruwan zafi na minti 10, yana narkar da baƙin ruɓa. Sai haidirofulorik mai cin yashi, wanda ke cin gilashi ma, shi ya sa bututun roba kawai ake sa shi, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu biyu da man kalsiyam gulukonet a kusa. Wannan asid ba ya zafi nan take a fata, yana shiga ne ya nufi ƙashi, kuma ban yarda ɗalibi ya taɓa shi shi kaɗai a ɗaki ba. Mataki na ƙarshe gauraye ne na kashi 9 asetik anhaidiraid da kashi 1 salfiyurik, minti 3 a ruwan zafi. Dole a fara ɗauraye samfurin da tsantsar asid na asetik, don in ɗigon ruwa ya rage, haɗin zai tafasa ya yi tsalle daga bututu.

Gilashi ɗaya na samu na duba a maikiroskof, ninki 400. Ƙa'ida ita ce a ƙirga ƙwayoyin ƙurar fure aƙalla 300. Rhizophora, jan mangurof, ya cika ko'ina, amma shi mai zubar da ƙura ne da yawa, yayin da Avicennia, wani nau'in mangurof, ke zubar da kaɗan, don haka adadi ba ya nufin yawan itatuwa kai tsaye. Ciyawa ta fi wahala. Ƙurar gamba ta dajin Arewa da ta ciyawar fadama kusan kamarsu ɗaya, saboda haka yawan ciyawa a laka ba lalle fari yake nufi ba, yana iya zama bakin ruwa ne ya matso. Kwakwar manja kuma tana yawaita inda daji ya buɗe, ko da gatari ko da fari. Farfesa Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta buɗe mana wannan hanya da aikinta kan lakar Neja Delta, kuma har yau sandunan da aka karanta a ƙasar nan ba su da yawa.

Da yamma na koma kan kwamfuta. Modal ɗin yanayi, wato lissafin kwamfuta mai kwaikwayon yanayi, yana yanka duniya ne gida-gida, kowane gida kilomita 100 zuwa 200, ya lissafa iska da zafi da ruwa a kowanne. Duk tafkin Legas bai cika gida ɗaya ba. Don a mai da shi shekara 6,000 baya, ana sauya masa abu kaɗan: iskar kabon ta koma kusan kashi 264 cikin miliyan, maimakon sama da 420 na yau, sannan a gyara yadda duniya ke fuskantar rana. Duniya na layi a kan ƙafarta kamar katantanwar yara idan ta fara gajiya, zagaye ɗaya a kusan shekara 21,000. A zamaninmu, a wannan makon na Janairu ne take fi kusa da rana. Shekara 9,000 da suka wuce a tsakiyar damina take kusantarta, kuma masanin yanayi John Kutzbach ya nuna a 1981 cewa ƙarin hasken kusan kashi 7 cikin 100 ya isa ya ƙara wa iskar damina ƙarfi. Ana barin modal ya yi gudu na ɗaruruwan shekaru har tekunsa ya natsu, sannan a ɗauki bambancin da ke tsakanin gudun dā da na kafin zamanin masana'antu. Ba a ɗaukar adadin ruwan da ya bayar kai tsaye, domin kowane modal na da karkatarsa.

Na jera taswirorin modal-modal na shirin PMIP, mai kwatanta yadda suke lissafa yanayin dā. Duk sun ƙara ruwa a Sahel, amma yawancinsu sun gaza kai shi cikin Sahara yadda ƙasa ta shaida. Shaidar kuwa ba ta da musu: tudun Bama da ya ratsa Maiduguri tsohuwar gaɓar tafki ce, akwai kaburburan masunta a Gobero cikin hamadar Tenere ta Nijar, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabous a yankin Agadas. Babban dalilin gazawar shi ne ana barin Sahara da farin yashinta na yau a cikin lissafin. Masanin yanayi Jule Charney ya bayyana tun 1975 cewa farar ƙasa na mai da hasken rana sama ta danne hadari. Sa ciyawa da tafkuna, rage ƙura, sai ruwan ya ƙara matsawa arewa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin da waɗannan modal ɗin ne ake hasashen daminar Kano da Sakkwato ta shekaru hamsin masu zuwa.

A namu ɓangaren matsalar teku ce. Ɗan tsagaitawar ruwa da Legas ke gani a Agusta tana da alaƙa da sanyin da tekun Gini ke yi a lokacin, kuma modal da yawa suna ɗumama wannan teku fiye da kima. Daga Badagry zuwa Accra akwai gibin da kurmi ya yanke, savana ta sauko har gaɓa. Lakar tafkin Sele a kudancin Benin ta nuna dā akwai kurmi a wurin, sai wajen shekara 4,500 da suka wuce ya buɗe. Sandarmu tana bakin gabas na wannan gibi, kuma in shekarunta suka tsaya, za ta faɗa mana ko sauyin ya iso nan.

Bayan magariba a Agege na zauna wajen mai shayi, kusa da wani dattijo ɗan Yobe mai sayar da goro, yana ta tari saboda hazo. Na ce, "Baba, ƙurar gidanku ce ta biyo ku." Da na gaya masa gindin tafki ce, sai ya ce, "Malam, ai mu mun san da ruwa a ƙasarmu. Ba a Dufuna aka tono kwalekwale ba?" Haka ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da shi, tsawonsa ya haura mita 8, kuma kabon-14 ya ba shi kusan shekara 8,000. Ya tambaye ni ko ruwan a hankali ya tafi ko farat ɗaya. Na ce masa lakar teku ta gaɓar Muritaniya ta nuna ƙura ta ƙaru da sauri wajen shekara 5,500 da suka wuce, lakar tafkin Yoa a arewacin Chadi kuma ta nuna bushewa a hankali cikin dubban shekaru, kuma mai yiwuwa kowanne gaskiyar wurinsa ya faɗa.

Gobe da safe za a sake kasko 20 ɗin, a tace santimita 5 sama da ƙasan wuraren da aka ɗebi kawa da saiwa don neman ganye ko iri, kuma a sayo man janareto kafin a kunna tanda.