Wasiƙa daga Ingila: Mudun da za a auna mu da shi

Zuwa ga iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu, dattawan ikilisiya, zumuntar mata da matasa,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan alheri gare ku da iyalanku. Dalilin wannan wasiƙa shi ne wani abu da na gani a nan ƙasar Ingila, wanda ya hana ni sakat tun ranar da na ɗora ido a kansa.

A garin Salisburi akwai tsohuwar majami'ar Waliyyi Tomas, kuma a saman bangon da ke fuskantar masu sujada an zana ranar shari'a tun ƙarshen ƙarni na 15. Daga baya, a zamanin gyaran ikilisiya na Furotesta, aka shafe zanen da farar ƙasa, ya kwana ƙarnuka a ɓoye kafin a sake tono shi a ƙarni na 19. Almasihu yana zaune a tsakiya, matattu suna fitowa daga kaburbura, mala'iku suna karɓar waɗanda ke hannun damansa. Amma gefen hagunsa ne ya tsayar da ni, domin a cikin waɗanda ake ja zuwa bakin wuta akwai masu kambin sarauta, akwai mai hular bishop, akwai kuma wata mai sayar da giya da ake cewa tauye awo take yi. Nan take na tuna mudun da ake bubbuga gindinsa a kasuwanninmu, da hannun da ke auna hatsi ranar Asabar sa'an nan ya ɗaga littafin waƙa ranar Lahadi.

Da na koma masauki na buɗe Matiyu sura 25, daga aya 31 zuwa 46, inda Ɗan Mutum yake rarrabe al'ummai kamar yadda makiyayi ke ware tumaki da awaki. Mu da muka tashi a karkara mun san cewa dabbobin nan tare suke kiwo, tare suke shan ruwa, sai mai su ya zo kafin kowace ta san turkenta. Abubuwa shida aka ambata a wurin: yunwa, ƙishirwa, baƙunci, tsiraici, rashin lafiya da kurkuku. Ba a tambayi kowa yawan baikonsa ba, ko sau nawa aka kira sunansa a taron gina majami'a. Abin da ya fi taɓa zuciyata kuwa shi ne mutanen hannun dama ba su ma san sun yi wani abu ba, har suna tambayar Ubangiji yaushe suka gan shi da yunwa suka ciyar da shi. Ba lissafi suke yi ba. Jinƙai ya riga ya zama halinsu.

Kada wani ya ɗauka ina cewa ayyuka ke sayen ceto. Manzo Bulus ya faɗa a Afisawa sura 2 cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyauta ce ta Allah domin kada kowa ya yi fahariya. Sai dai mukan tsaya a aya ta 9, mu manta aya ta 10 wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Yakubu ma a sura ta 2 bai ɓoye ba: bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce, har ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, suna rawar jiki. Itacen mangwaro ba ya zama mangwaro don ya yi 'ya'ya, amma idan damina bayan damina bai taɓa yin ko fure ba, mai gona yana da dalilin duba saiwarsa.

Aikina a nan shi ne kula da tsofaffi. Akwai wani dattijo da mantuwa ta ci ƙarfinsa, ba ya gane 'ya'yansa, balle ni. Kowace safiya nakan yi masa wanka, in shafa masa mai a ƙafafu, in ba shi abinci cokali cokali. Na daɗe ina yin haka da hannu kawai, zuciyata tana kan agogo da albashi, alhali ranar Lahadi ni ne mai jan addu'a. Matiyu 7:21 ta same ni a ɗakin nan, inda Yesu ya ce ba duk mai ce masa Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga mulkin sama ba, sai mai yin nufin Ubansa. Na durƙusa na tuba.

Na san raunukan da kuke ɗauke da su, na san kaburburan da muka haƙa a Filato da kudancin Kaduna da Borno. Duk da haka ku tuna watan Yuni na 2018, lokacin da Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, domin ya tsare su daga mahara. Hukuncin kowane rai a hannun Allah yake, ba nawa ba ne. Tambayar da nake yi mana ita ce, da maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba ne ya bugo ƙofa a irin wannan rana, wa zai buɗe a cikinmu?

Ina roƙon dattawa, a zaman majalisa mai zuwa, kafin a taɓo zancen sabon rufin kwano, a fara ƙirga gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira da ke unguwa, a kuma tambaya yaushe rabon da wani daga ikilisiya ya leƙa gidan yari. Ni ma ku sa ni cikin addu'a, gobe da asuba zan koma wurin dattijon nan.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku cikin Almasihu,
daga Salisburi, Ingila.