Ba kowane ƙullutu a wuya ne tarin fuka ba

Ƙarshen watan nan zan bar sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kuma akwai abin da nake son bar wa ƙannena anfirmiyoyi na Maradi kafin in tafi.

A wurinmu, da an ga ƙullutu a gefen wuya, hukunci ɗaya ne: kaluluwar tarin fuka. Sau da yawa haka ɗin ne, ban musa ba. Amma akwai wani dattijo manomi daga wajen Madarunfa da har yau yake tsaye a raina. Ƙullutunsa mai tauri ne, ba ya motsi, ba ya ciwo. Kunne ɗaya ya toshe, majina da jini-jini na fita ta hancin gefen. Ba tari, ba gumin dare. Na matsa kusa da shugabanmu na ce, "Dokta, ko a leƙa bayan hancin Baba, a ɗebi ɗan nama a kai gwaji?" A gaban marasa lafiya ya tambaye ni wace makarantar likitanci na gama. Ya rubuta maganin tarin fuka na wata 6. Ba a jima ba aka maida ni ɗakin wankin ciwo, wai in koyi sanin matsayina.

Baba ya shanye maganin tas, don mutum ne mai bin umarni. Da ya dawo, ƙullutun ya haye ɗaya gefen, ido ɗaya ya karkace yana ganin abu biyu-biyu. Sai a lokacin aka yi gwajin: sankarar bayan hanci ce, wadda ke da alaƙa da ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, irin wannan na jin gashi sosai, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, idan an tare ta da wuri. Ba a cika yi mata tiyata ba ma, gashi ne da ƙarin ruwan magani irin su cisplatin. Watannin da ya kamata ya yi ana gasa ciwon, ya yi su yana haɗiyar ƙwayoyin maganin cutar da ba ya da ita.

Tun 2021 ake gashi a Yamai, a cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, ba dole sai an ƙetare iyaka ba. To amma tafiyar ta wuce kilomita 600, kuma gashin kwana 5 ne a mako har kusan mako 7. Manomi zai nemi masauki, da mai jinya, da wanda zai duba gona in damina ce. Wanda kuka tura ba tare da kun zaunar da iyalinsa kun faɗa musu haka ba, a mako na 3 zai dawo gida, daidai lokacin da baki ke sulluɓewa, miyau ya ƙafe, ko kunu ya gagara haɗiya. Su ce ai dama ciwon daji ba ya son ƙarfe da allura, su koma wajen mai magani. Ku gaya musu tun farko cewa wahalar nan tana cikin maganin, kuma yankewa a tsakiya ke ba ciwon damar farfaɗowa.

Sauran gajeru ne. Dishewar murya da ta wuce mako 3 a mai shan sigari ko giya, a leƙa maƙogwaro. Gyambon baki ko harshe da ya ƙi warkewa, ku tambaya ko yana ƙunsa taba gari, don tsofaffi ba sa faɗa sai an tambaya. A duba haƙora kafin gashi. A auna nauyi kowane mako. Wanda za a cire wa maƙoshin murya, a koya wa matarsa ko ɗansa wanke bututun wuya kafin sallama.

In kun kawo shawarar gwaji aka ƙi, kada ku yi gardama a gaban mutane. Ku rubuta a takardar maras lafiya, ku sa kwanan wata da hannunku. Ni na rubuta tawa ranar, tana nan cikin dosiyen Baba. Dokta ya karanta ta lokacin da sakamako ya fito, kuma har yau bai ce mini komai ba.