A ba su ɗaki tukuna

Akwai wani yaro da na sani a nan Mile 12, ɗan wajen Katsina ne, shekararsa ba za ta wuce ashirin da biyu ba. Achaba ya zo yi Legas, mashin ɗin ma ba nashi bane, balas yake kaiwa kullum. Da gwamnati ta hana okada a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi uku daga 1 ga Yuni 2022, ba a yi sati biyu ba aka kama mashin ɗin, mai mashin kuma ya ce ya bar masa ɗakin da suke kwana su shida. Tun daga nan kwali ne katifarsa, wataran bakin masallaci wataran ƙarƙashin teburin masu tumatir, idan damina ta sauka kuwa a tsaye yake kwana.

Na taɓa haɗa shi da wani mai gyaran janareta ya koyi aiki, wata ɗaya bai cika ba aka sallame shi wai yana gyangyaɗi kuma baya zuwa da wuri. Toh dan Allah wanda bai runtsa ba ta ina zai riƙe sifana? Wayarsa sau biyu ana zarewa yana barci, ɗan kuɗin da ya samu a dako dole ya kashe a ranar don ba inda zai ɓoye, wanka ma sai ya biya. Ya je neman gadi a wani gida aka ce ya kawo adireshi da wanda zai tsaya masa, ya dawo jiki a sanyaye.

Shi yasa raina ke ɓaci idan naji masu hali suna cewa ai yaran nan zuciyarsu ce ta mutu, su je su nemi sana'a. Wanda ya faɗi haka bai nemi ɗaki a Legas kwanan nan ba. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, amma shekara ɗayan ma ina ɗan dako zai ganta a dunƙule, ga kuɗin ejan ga na agirimen ga wanda ake ajiyewa ko za ka lalata wani abu. A 2024 ne fa aka gano ɗakuna 86 da aka yanka a ƙarƙashin gadar Dolphin a Ikoyi, mutane na biyan naira 250,000 a shekara don su kwana ƙarƙashin gada. Aka rushe, aka watse, kowa ya nemi wata gadar.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane wannan. A Amurka wani mai suna Sam Tsemberis ya fara wani tsari a birnin New York a 1992, a ba mutum ɗaki da mukullinsa tukuna ba tare da an ce sai ya gyaru ba, daga baya a bi shi da magani da neman aiki. Ƙasar Finland ta ɗauki tsarin a 2008 kuma masu kwana a titi suka ragu sosai a can. Faransa da Ingila kuma suna da gidajen matasa inda yaro zai zauna na ɗan lokaci, da sharaɗin yana karatu ko koyon sana'a, akwai mai kula da shi har ya iya riƙe kansa ya fita wani ya shigo.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shine mu ma ai muna da namu tun kafin su. Zangon Agege da goro aka kafa shi, baƙo ya sauka wajen fatoma, a ba shi wurin kwana da abinci, maigida ya tsaya masa a kasuwa har ya san gari ya kama nashi. Iyayenmu da yawa haka suka zama masu gida a Agege da Idi Araba da Obalende. Yanzu yara na sauka daga tirela cikin dare ba wanda ya san sunansu, sai in an yi kame ko faɗa ya tashi a fara neman Sarkin Hausawa a waya.

Ban ga abin da zai hana ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya ko kwamitin masallaci ɗaya su kama gida mai ɗaki takwas a wajen Ikorodu ba, a zuba yara na shekara ɗaya, kowa da ubangidan da yake koyon aiki a wurinsa, kowa na zuba adashe duk sati wanda zai zama kuɗin hayarsa ranar fita, a sa dattijo ɗaya ya zauna da su. Kuɗin bai kai abin da muke kashewa a biki ɗaya na manyanmu ba wallahi.

Shi yaron nan dai na buɗe masa siton albasa yana kwana tun bayan babbar sallah, na riƙe masa ajiyarsa a littafi. Ya koma wajen mai janaretan da kansa ya ba shi haƙuri, ya karɓe shi. Shekaranjiya ya ce min, Baba nawa na tara, na duba na faɗa masa, ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ya ce saura wata biyar kenan shi da abokinsa su kama ɗaki a Ketu.