Wata na biyar da fara reno: na haƙura da elm, na koma wa zuwo

'Yan'uwa masu koyon renon bishiya, ga inda aka kwana. Cikin leda arba'in da na jera a zauren baya tun farkon damina, ashirin da shida ne ke raye. Sauran, wasu ba su tsiro ba, wasu kuma gara da akuyar maƙwabta sun raba.

Na yi alkawarin faɗin dalilin da ya sa na janye maganar elm, bishiyar da na dame ku da ita a baya. Hotunanta ne suka ruɗe ni: titi a Amurka, rassa sun haɗe ta sama kamar rumfa, rana ba ta taɓa kwalta. Na ce layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya dace da irin wannan. Da na bi tarihinta sai jikina ya yi sanyi. Wata cutar funfuna ce ta kusa ƙarar da ita. A Holan aka gano abin da ke haddasa ta a 1921, wata mai bincike Marie Beatrice Schwarz ce ta gano, shi ya sa sunan ƙasar ya manne wa cutar, ake ce mata cutar elm ta Holan. Wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo ke ɗaukar ta daga bishiya zuwa bishiya, ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi a cikin itacen, ganye ya yi yaushi ya bushe tun daga sama. Gungumen katako ne suka tsallakar da ita Amurka wajen 1930. A Birtaniya kuwa wani nau'inta mai zafi da ya ɓulla a ƙarshen shekarun 1960 ya kashe bishiyoyin elm sama da miliyan 25.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saiwa. Idan an jera elm kusa da juna, saiwoyinsu kan haɗe a ƙarƙashin ƙasa, cutar ta bi ta nan ba sai da ƙwaro ba. Titi guda sai ya tafi gaba ɗaya.

An samu ire-iren elm masu jure cutar daga baya. Akwai Valley Forge da New Harmony da gandun bishiyoyi na ƙasar Amurka ya fitar a 1995, akwai Princeton wadda tun 1922 aka zaɓe ta don kyan tsayuwarta, sai daga baya aka lura tana jure cutar. Wasu kuma an yi musu aure da elm na Asiya, waɗanda dama can cutar ba ta cika kayar da su ba. Juriya ce dai, ba rigakafi ba, suna iya kamuwa su farfaɗo. Kuma duk bishiyoyin ƙasashen sanyi ne masu barcin hunturu. Zafin Afrilu na Kano, da wata bakwai babu ɗigon ruwan sama, ba gidansu ba ne.

To sai na fita na dubi layinmu da sabon ido. Darbejiya, darbejiya, darbejiya, har ƙarshen kwana. Ita ma baƙuwa ce daga Indiya, kuma ta yi mana rana, ba mai musu. Amma jerin nan iri ɗaya shi ne ainihin abin da ya ci titunan Amurka.

Wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi na nuna wa hoton ganyen elm a waya. Ya juya shi ya ce, “Ɗana, ai wannan ɗan'uwan zuwo ne.” Ya ce in shafa ganyen zuwo in ji: kaushi kamar harshen kyanwa, gindin ganyen kuma a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. Na duba, ashe Baba yana da gaskiya, masana sun daɗe suna lissafa zuwo cikin dangin elm kafin su sauya masa gida. Ga inuwa, ga ganyen da dabba ke ci.

Yanzu ga lissafin. Zuwo takwas na shuka, biyar suka fito, bayan na wanke naman 'ya'yan na jiƙa ƙwallon kwana ɗaya. Sun yi jinkiri har na fid da rai. Tsamiya ba ta ba ni wahala ba, na ɗan kankare bayan iri da wuƙa, tara cikin goma suka tsiro. Maɗaci dole sai sabon iri, wanda na ajiye tun bara ko ɗaya bai motsa ba, sai da na sake tsinto sabo. Goma sha biyu na da su yanzu, amma biyu tsutsa ta huda musu kai, toho ya langaɓe, suka fara reshe biyu. Na yanke ƙasa da ramin na bar reshe ɗaya mai ƙarfi. Marke kam ban samu ko ɗaya ba, yawancin irinsa fanko ne.

Kuskurena babba ledar ruwan sanyi ce. Ta yi wa tsamiya kaɗan, saiwar ta huda ta kama ƙasa, da na ɗaga sai na ji ƙas. Uku sun yi yaushi sati guda. Ku ɗora ledojinku a kan bulo, ku riƙa matsar da su duk sati biyu.

Ba zan dasa ba sai ruwa ya zauna a watan Yuli mai zuwa. Mai unguwa ya yarda da rami goma sha biyu, kuma na tsara kada iri ɗaya su yi maƙwabtaka: zuwo, maɗaci, tsamiya, a sake. Abin da ya rage shi ne kariya daga awaki. Wanda ya gwada kewaye da ƙaya da kuma tsohuwar taya, ya faɗa mini wanne ya fi kai wa bazara.