Kwanan kamun kifi a fadamar Nguru, da yadda na koyi kare jikina daga sauro

Ni ba masunci ba ne na sana'a. Koyarwa nake yi a Kano, amma dangin mahaifiyata mutanen ruwa ne, a wani ƙauye da ke gefen fadamar Nguru, kuma tun ina yaro idan aka kai mu hutu ba abin da ke ɗauke mini hankali kamar fatsa. Sai da na girma na yi iyali sannan na roƙi Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya tafi da ni kamun kifi na kwana, irin wanda ake shiga jirgi bayan la'asar ba a dawowa sai gari ya waye. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ba ruwa nake jiye maka ba. Sauro nake jiye maka." Na ɗauka zolaya ce irin ta kawu da ɗan 'yar'uwarsa.

Ƙarshen watan Oktoba ne. Sama ta ɗauke, amma fadama cike take, lokacin da tarwaɗa ke da ƙiba kuma sauro ke kan ganiyarsa. Wanda bai san wurin ba zai yi zaton ruwa ne shimfiɗe iya ganinka. Ba haka ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Haɗeja ta sauya, wasu wuraren da a da suke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa shekara cur, ciyawar kachala ta samu wurin zama. Yanzu sai ka yi tafiya mai nisa a jirgi tsakanin bango biyu na kachala da ta fi tsayin mutum. Tana tare iska, tana tsayar da ruwa, kuma da rana a cikinta sauro ke fakewa.

Na fito da baƙar riga mai gajeren hannu, da wando iya gwiwa, da silifas, sai wani man shafawa na korar sauro da na saya a kemis a Kano, wanda a kansa na ɗora duk dogarona. Kawu kuwa tsohuwar farar riga ce a jikinsa mai dogon hannu, da wando mai kauri da ya cusa ƙafafunsa cikin safa, ga rawani ya naɗe wuya da kunnuwa. A tsakiyar jirgi ya ajiye kasko da yashi a ƙasansa, da buhun busasshen kashin shanu, da damin ɗanyen ganyen darbejiya haɗe da wata ciyawa mai ƙarfin wari da ake kira sarakuwar sauro.

Muna idar da magariba suka taso. Kafin cizon, ƙarar na fara ji, kamar ana kaɗa goge daga nesa, ta kowane ɓangare. Na zuba man nan a tafin hannu na shafe fuska da hannuwa da ƙafafu, sannan na ɗauki tana na shiga sa wa ƙugiyoyina. Man ya yi aiki a inda ya taɓa, wannan gaskiya ne. Amma rigar ta manne mini a baya saboda gumi, ta nan suka riƙa huda ta, kuma duk lokacin da na tsoma hannu a ruwa sai man ya wanke. Zuwa tsakar dare idon sawuna ya kumbura, na kasa zama wuri ɗaya, jirgi sai tangaɗi yake yi, Kawu yana cewa in natsu kada in kori kifi.

Abin da ya fi ba ni takaici ba cizon ba ne. Kawu ya ciro tarwaɗa huɗu daga ɓangarensa, ni ko motsi fatsata ba ta yi ba, alhali tana ɗaya muke amfani da ita, a ruwa ɗaya. Can sai ya ce in miƙo hannuna. Ya shinshina ya ce, "To ai kai ka hana su ci. Tarwaɗa da hanci take kiwo, ba da ido ba. Wannan warin ka shafa wa koto." Ya sa na cuɗe hannuna da laka har sau uku, na sake sabon koto. Kafin asuba na kama biyu. Daga baya na duba jikin kwalbar na ga sinadarin da ke ciki DEET ne, wanda aka fara haɗawa domin sojojin Amurka a shekarun 1940. Magani ne na gaske, wanda ke da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari yakan riƙe mutum sa'o'i da dama, amma kifi ba ya son sa, kuma yana cin roba: murfin tocilata har yau da tabon yatsuna a jikinsa. Tun daga ranar da bayan hannu nake shafawa, tafin hannuna da yatsuna ba sa taɓa shi.

Kwana 11 da komawata Kano zazzaɓi ya kwantar da ni. Sanyi da rana tsaka, ciwon kai, amai. Aka ɗiga jinina a ɗan abin gwajin nan, layi biyu suka fito, aka ba ni maganin kwana uku. Ma'aikaciyar da ta duba ni ta tambayi inda na je a makonni biyun da suka wuce, da na gaya mata sai ta gyaɗa kai, ta ce lissafin ya yi daidai, ƙwayar cutar takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta bayyana. Sati guda ban shiga aji ba. Wannan shi ya sa na daina kallon cizon sauro a matsayin ƙaiƙayi kawai. Masunta da yawa sukan ce sun saba, kuma lallai jikin babba da ya daɗe yana shan cizo yakan samu wani ɗan juriya. Amma juriyar ba ta hana cutar, kuma yaran da ke bin iyayensu cikin jirgi ba su da ita.

Da na koma a shekara ta gaba, sai na rufe bakina na buɗe idona, na kalli abin da Kawu yake yi. Nan na gane yawancin kariyarsa ba a cikin kasko take ba, a cikin lissafin lokaci da wuri take. Mamari yake shimfiɗawa, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, kuma yana gama ɗaura ta a gefen kachala tun rana tana da sauran tsayi. Kafin ta faɗi mun bar wurin. Sai ya tuƙa mu tsakiyar sarari inda ba ciyawa, ya kafa gora ya ɗaure jirgi ta yadda iska za ta riƙa bugun mu. Sauro ba shi da ƙarfin fiffike, 'yar iskar da za ta kaɗa maka riga ta isa ta hana shi sauka, kuma tana watsa numfashi da warin gumin da yake bi ya same ka. Tsakanin gindin kachala da sararin nan bai fi tafiyar minti biyar ba, amma kamar ka bar wata ƙasa ka shiga wata. A daren farko ni ne na matsa mu tsaya kusa da ciyawa don in yi ta jefa fatsa, shi kuma ya biye mini don in gani da idona.

Hayaƙin ma akwai yadda ake yin sa. Ba wuta ake so ba. Kashin shanu ake kunnawa ya kama a hankali, a ɗora ɗanyen ganye a kai ya danne harshen, sai farin hayaƙi mai kauri ya riƙa fita. Kaskon kuma ta inda iska ke fitowa ake ajiye shi, hayaƙin ya bi ta kan mutum. Yana rage su ƙwarai, ba ya ƙarar da su, kuma da zarar ganyen ya ƙone sai sun dawo, don haka dole wani ya riƙa ƙarawa. Yana sa ido hawaye, mai asma kuwa gara ya nisance shi. Yashin da ke ƙasan kaskon shi ne ke hana zafi cin katakon jirgi.

Tufafi na kwaikwayi Kawu sak: farar riga mai faɗi wadda ba ta manne wa fata, wando mai kauri, safa biyu. Ƙafa ita ce wurin da sauron zazzaɓi ya fi nema, warinta ke jan sa, shi ya sa mai silifas yake shan wahala ko da ya rufe ko'ina. Idan dare ya raba kuma muka hau wani tudu don mu ɗan runtsa, gidan sauro muke kafawa a kan sanduna huɗu, mu cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. Duk dabarun da na ambata, babu wadda ta kai wannan, domin mai barci ba ya kora, ba ya ƙara ganye a kasko.

A nan ne zan faɗi abin da ke ci mini rai. Da safiyar wata rana muka tarar da samari suna jan gidan sauro a bakin ruwa, irin wanda ake rabawa kyauta, sun mayar da shi taru. Kawu ya tsayar da jirgi ya yi musu faɗa sosai. Idon ragar ƙanana ne, ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba, kuma maganin da aka jiƙa ta da shi guba ne ga kifi. An kwashe kifin baɗi, an kuma bar yara a gida suna kwana a fili. Haka nan na taɓa ganin wanda ke ɗiga fiya-fiya a rigarsa wai don sauro. Wannan maganin ƙwari ne mai shiga jiki ta fata, ba a yi shi don jikin mutum ba, balle a hannun da zai taɓa kifin da za a ci.

Da rana kuma wani abokin gaba ne daban. Inda Fulani ke shayar da shanu akwai bobuwa, babban ƙuda mai yanka fata kamar da reza, har jini ya fito. Jiƙaƙƙiyar fata da baƙin kaya take so, man shafawa kuma bai cika damunta ba. Maganinta kawai ka rufe jiki ka matsa daga mashaya. Wata shekara wani abokin aikina ya gayyace ni garinsu a kudancin Kaduna, muka je wani rafi mai gudu a kan duwatsu. Can ba sauro ne matsalar ba, wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne mai cizon ƙwauri da rana, wanda ke hayayyafa a ruwa mai gudu, shi ne ke yaɗa cutar da ke makantar da mutanen bakin kogi, wadda saboda ita ake raba ƙwayar Mectizan kyauta a ƙauyuka. Abokin nawa ya hana ni sa shuɗiyar rigar da na zo da ita, ya ce akwai kuma ƙudan tsando a can, shi kuwa launin shuɗi da baƙi yake bi, shi ya sa tarkon da ake kafa masa da yadi mai waɗannan launuka ake ɗinka shi. Farar rigar da na koya a Nguru ita ta fishe ni a can ma.

Abu ɗaya ya daɗe yana ba ni wahala, shi ne alwala. Fuska, hannuwa, ƙafafu, daidai wuraren da ake shafa wa magani su ne ake wankewa, kuma magariba da isha'i da asuba su ne lokutan da sauro ya fi yawa. Sau da yawa ina cire safa a bakin ruwa sai in ji sun rufe ƙafar kafin in gama. Na kai wa Kawu kuka, ya ce, "Yi alwalarka tun rana ba ta faɗi ba, ka mayar da safarka, ka riƙe ta har isha'i." Haka nake yi yanzu: alwala da sauran haske, in bari jiki ya bushe, in shafa man a wuya da kunnuwa da bayan hannu, in sa safa. Ta asuba ce ba yadda za a yi, sai dai in zauna dab da kasko, in sa a ƙara ganye, in yi ta cikin hayaƙi da sauri, sannan mu kwance jirgi mu je ɗaga mamari.